Gidauniyar intanet: a hannun wa kuɗin ke sauka?

Idan ciwo ya kwantar da mutum ko ambaliya ta rushe gida, yanzu dangi kan buɗe gidauniya a intanet, wato "cagnotte" da Faransanci, jama'a su tura gudummawa.

Sai dai shafin GoFundMe, da aka kafa a Amurka a 2010, ba ya biya ta bankunan Nijar, Kamaru ko Chadi. Dole wani da ke Faransa ko Amurka, misali, ya karɓa sannan ya aiko gida. Ana kuma cire kusan kashi 3 cikin 100.

Don haka kafin ka bayar, bincika waye mai karɓa, ka nemi ganin takardar asibiti. Mai karɓa kuwa ya bayyana abin da ya shigo da inda ya tafi, domin amanar jama'a ce.