Alexis Soyer, kukun da ya gyara murhu

An haifi Alexis Soyer a shekarar 1810 a garin Meaux, kusa da Paris, a ƙasar Faransa. Ana faɗin sunansa «Suwaye». Tun yana yaro ya fara koyon girki a wurin wansa. Bayan juyin juya halin da aka yi a Faransa a 1830, sai ya tafi Ingila. A zamanin nan masu arzikin Ingila suna son abincin Faransa ƙwarai, saboda haka bai sha wuyar samun aiki ba.

A 1837 ya zama shugaban kukuna a Reform Club, wani gida a Landan inda manyan mutane ke haɗuwa su ci abinci. A lokacin, madafa wuri ne mai zafi da hayaƙi, kuma kuku ba ya iya rage wuta yadda yake so. Da aka tashi gina sabon gida, Soyer ya taimaka wajen tsara madafar. Ya sa murhu mai aiki da iskar gas, wanda ake ƙara wutarsa ko a rage ta nan take. Ya sa akwatuna masu sanyi don kada nama da kifi su lalace. Mutane suka riƙa zuwa kallon wannan madafa, sunan Soyer ya bazu.

Amma ba kowa ne ke ƙoshi ba. Daga 1845 wata cuta ta kama dankalin turawa a ƙasar Ailan, inda shi ne cimar talakawa. Yunwa ta kashe mutane kusan miliyan ɗaya. A 1847 Soyer ya je birnin Dublin, ya kafa babbar madafa. Da katuwar tukunya yake dafa romo, dubban mutane suna sha kowace rana. Wasu likitoci sun ce naman da ke cikin romon ya yi kaɗan, ba zai riƙe mai yunwa ba. Duk da haka, ya nuna yadda madafa ɗaya za ta iya ciyar da jama'a da yawa. Daga baya ya rubuta littafin girki mai araha, domin masu ƙaramin ƙarfi.

A 1855 Ingila da Faransa da Turkiyya suna yaƙi da Rasha a yankin Kirimiya. Ciwo ya fi harsashi kashe sojojin Ingila. Kowane soja ana ba shi ɗanyen nama ya dafa da kansa, ga sanyi, ga ƙarancin itace. Soyer ya tafi can da kuɗin aljihunsa. Ya fara gyara abincin asibitin sojoji tare da Florence Nightingale, shahararriyar mai jinya.

Ya kuma ƙirƙiro wani murhu na ƙarfe mai kama da ganga. Ana sa wuta a ƙasa, a zaunar da tukunya a cikinsa, hayaƙi ya fita ta bututu. Da yake wutar a rufe take, iska ba ta kwashe zafi, ruwan sama ba ya kashe ta, kuma itace kaɗan ya isa. Soyer ya koya wa wasu sojoji girki, suka zama kukun sauran. Sojojin Ingila sun yi fiye da shekara 100 suna amfani da wannan murhu.

Soyer ya kamu da zazzaɓi a Kirimiya. Ya koma Landan ba lafiya, ya rasu a 1858, yana da shekara 48. Ya yi wa masu arziki girki, amma an fi tunawa da shi saboda murhun da ya ciyar da sojoji.

Ma'anar kalmomi
Kuku: wanda sana'arsa ita ce dafa abinci.
Madafa: ɗakin da ake girki.
Cima: abincin da mutane suka saba ci.

Tambayoyi
1. Me ya sa Soyer ya samu aiki da sauri a Ingila?
2. Mene ne amfanin murhun gas ga kuku?
3. Me ya kawo yunwa a Ailan?
4. Don me murhun Soyer ba ya cin itace da yawa?
5. Ku kwatanta shi da murhun gidanku.