Gidan Tarihi Na Wane Ne?

Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka fara kafa gidajen tarihi a Nijeriya, babban burinsu shi ne tattara kaya a adana. An buɗe na Esie a 1945, na Jos a 1952 bisa ƙoƙarin Bernard Fagg mai binciken mutum-mutumin Nok, sannan na Legas a 1957. Aikin ya ceci kayan kakanni da yawa daga ɓacewa. Sai dai tun farko an tsara shi ne domin masana da baƙi 'yan yawon buɗe ido, shi ya sa har gobe talaka yake wucewa ta ƙofar gidan tarihi yana ganin ba wurinsa ba ne.

A Kano, Gidan Makama gini ne na ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Bayan cin Kano a 1903 Turawa suka mai da shi ofis, daga baya ya zama gidan tarihi. Ginin kansa darasi ne kan fasahar maginan Hausa, da bakan gizo da azara. Amma Kanawa nawa ne suka taɓa shiga?

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya. Gidan tarihin Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya haɗa ɗakunan baje kaya da gidan namun daji da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa, suna aiki a gaban jama'a suna sayarwa. Yaro ya je kallon zaki, ya dawo ya san yadda ake ƙera azurfar Agadas.

Yanzu kuma duniya ta juyo ga batun mai da kayan da aka kwashe. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar tagullan Benin fiye da 1,000, waɗanda sojojin Ingila suka wawashe a 1897. Wannan adalci ne. Amma in kayan sun dawo aka sake kulle su, jikokin masu su ba su gani ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Gyaran ba ya buƙatar dukiya mai yawa. A rubuta bayanin kowane abu da Hausa, boko da ajami. A sa ziyarar ɗalibai cikin manhaja, har da 'yan Islamiyya da tsangaya. A ba masu sana'ar hannu wurin zama a harabar. Tarihin da jama'a ba su san shi ba, ba za su tashi su kare shi ba.