Kafin ka sayi kartush ɗin injin buga takardu, duba lambar da ke jikinsa

Duk lokacin da aka buɗe ajiye dosiyen jarrabawar BEPC ko BAC, ko aka sanar da gasar ɗaukar ma'aikata, shagunan fotokopi na kewayen jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi cika suke yi maƙil. A irin wannan rana ce kartush kan ci amanar mai shago: rubutu ya fito fari-fari, ko baƙin layi ya ratsa takardar haihuwar wani tun daga sama har ƙasa. Takardar ta lalace, mai ita kuma ya tsallaka shagon maƙwabci.

Yawanci matsalar tun wurin saye take farawa. Mutum ya je kasuwa ya ce a ba shi "kartush na HP", alhali kowane inji da nasa. LaserJet P1102 da ya cika ofisoshinmu 85A yake ɗauka, tsohon LaserJet 1020 kuma 12A. Wasu suna kama da juna a ido, amma ba sa zama a gurbin juna. Ciro tsohon, ɗauki hoton lambar da salula, sannan ka fita.

Ƴan uwa da ke ƙetare masu aiko da kaya gida, wannan ya fi shafar ku. Kamfanoni kan raba lamba bisa yankin duniya. Injin HP M404 da aka saya a Amurka 58A yake ci, irinsa na Turai da Afirka 59A, na Asiya 76A. Wanda ya aiko wa ƙanensa inji daga New York ya ɗora masa neman kartush ɗin da ba lalle a same shi a Damagaram ba, ga kuma wutar injin 110 ce, tamu 220.

Sai batun kuɗi. Kaya iri uku ne a kasuwa: na asali daga kamfanin da ya ƙera injin, sabo na wani kamfani da aka yi shi ya dace da injin, da tsohon da aka sake ɗura wa gari. Babu wanda ya zama laifi a cikinsu muddin an gaya maka abin da kake saye. Cutar ita ce a sa maka ɗure cikin kwalin asali a karɓi kuɗin asali. Kwalin HP na gaskiya yana da tambarin tsaro mai sauya kama idan an karkata shi, da lambar QR da za ka duba da salula.

Lissafin da ya kamata a yi shi ne nawa kowane shafi ya tsaya maka. An rubuta cewa 85A yana buga shafi 1,600, 12A kuma 2,000. A ce ka sayi mai 1,600 a jika 40, shafi ya tashi dala biyar ke nan, ba a sa kuɗin takarda da wuta ba. A ce wani jika 10 ne amma a shafi 800 ya ƙare, har yanzu ya fi araha, in dai bai zubar da gari cikin injin ya kai ka wurin mai gyara ba. A lura kuma, wannan adadin an auna shi ne da shafin da rubutu ya rufe kusan kashi 5 cikin 100 kawai. Mai buga katin ɗan ƙasa da hotuna da takardu masu hatimi ba zai taɓa kai wa can ba. Kartush ɗin da ke zuwa cikin sabon inji ma galibi ba cikakke ba ne.

Ga mai shagon da ke buga darussan ɗalibai, ni dai ina ganin na wani kamfani mai inganci ya wadatar. Takardar da za ta je ofishin jakadanci kuwa, ban ga dalilin yin caca da ita ba.

Sabbin injuna sun zo da wani tarko. Akwai ɗan ƙaramin puce a jikin kartush, kamar na layin salula, kuma idan injin ya sabunta manhajarsa ta intanet yana iya ƙin karɓar wanda ba na kamfanin ba. Ka tambayi mai kaya ko zai karɓi abinsa in hakan ta faru, kuma in da hali a gwada a gabanka. A injunan Brother kuwa garin daban yake da tambur, ɗaya lambarsa TN ɗaya DR, don haka layin da ke ɓata shafi ba kullum ne sabon gari ke maganinsa ba.

Garin nan hodar roba ce da zafin injin ke narkarwa ta manne da takarda. Kwalin da ya wuni a rana kan tebur a watan Afrilu, ko a bayan mota daga Kano zuwa Maraɗi, garinsa na iya dunƙulewa tun ba a buɗe ba. Sayi wanda ke cikin inuwa, ledarsa a rufe, ka ajiye shi kwance nesa da ƙurar hunturu. In ya zuba maka a riga, kakkaɓe ka wanke da ruwan sanyi, domin ruwan zafi manne shi zai yi.