Inda Tafki Ya Ƙafe: Labarin Kantun Gishiri da Kufan Hamada

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu gishiri da kanwa a kasuwar Gwarzo ya ga kantu, wannan curin gishiri mai tsawo, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda Fulani ke saye su farfasa wa shanu. Da yawa daga cikinmu mun girma muna ganinsa, amma ba mu taɓa tambaya daga ina ya fito ba. To, daga Balma yake zuwa, wato garin Bilma a arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, can cikin Sahara. Tambayar da muke so mu duba a nan ita ce: me ya kai gishiri wurin da babu teku, babu kogi, sai rairayi?

Amsar ita ce, dā akwai ruwa. Masana sun gano cewa tsakanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ƙasa ce mai ciyawa da tafkuna. Tafkin Chadi kansa a lokacin ya kai murabba'in kilomita 350,000, ya fi sulusin Nijeriya girma. Da damuna ta riƙa ja da baya, sai tafkunan suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Ruwa yana tafiya sama, amma gishirin da ke cikinsa ba ya binsa, yana zama a ƙasa. Wanda ya taɓa mance tukunyar ruwan kanwa a rana ya san yadda farin abu ke kwantawa a gindinta.

A Balma mutane na haƙa ramuka, ruwan gishiri ya ɓuɓɓugo daga ƙasa, rana ta ƙone shi, su kwashe. Mai kyan, wato beza, na miya ne. Sauran kuwa a kwaɓa shi, a zuba cikin kututturen dabino da aka ƙwaƙule, a kife, ya bushe ya zama kantu. Buzaye ke ɗauko shi a kan raƙuma. Ayarinsu kan tashi daga ƙasar Asbin wajen watan Oktoba da gero, ya ratsa hamadar Tenere ta Fachi, tafiyar kilomita wajen 600, ya komo da gishiri da dabino. Bature Heinrich Barth irin wannan ayari ya biyo daga Asbin a ƙarshen 1850, ya iso Kano a farkon 1851. Yau motoci sun karɓe yawancin aikin.

Abin da ya fi ba mu mamaki yana wani wuri da ake kira Gobero, a gefen Tenere. A shekara ta 2000 wani masani daga Jami'ar Chicago ta Amurka, Paul Sereno, ya je neman ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin dā, sai ya tarar da maƙabarta a bakin wani busasshen tafki. Kaburbura wajen 200 aka samu. Mutanen farko da suka zauna nan, tun wajen shekara ta 7700 kafin haihuwar Almasihu, masunta ne da maharba, dogaye ƙwarai. An sami masun kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa, da na kada, da na dorina. Ku dubi wannan fa, dorina a inda yau sai raƙumi ya yi kwanaki bai ga rijiya ba! Wajen 6200 fari ya kore su, wurin ya zama kufai har shekara dubu. Da ruwa ya dawo, wasu mutane dabam suka zo. A cikin kaburburansu akwai na wata mace da yara biyu, an kwantar da su suna rungume da juna, kuma akwai alamar an shimfiɗa musu furanni. Ba mu san sunansu ba, Ubangiji ya sani. Wajen 2500 kafin haihuwar Almasihu tafkin ya ƙafe gaba ɗaya, ba wanda ya sake zama.

Mutanen wannan zamani na biyu sun san kiwo. A Adrar Bous, arewa da nan, a 1970 an tono ƙasusuwan saniya guda sukutum kusa da inda wani tafki ya taɓa kwanciya, kuma a duwatsun Asbin har yanzu ana ganin zanen shanu masu dogon ƙaho. Da makiyaya ta ƙare, jikokinsu suka kora garke zuwa kudu. Idan muka ji ana faɗan manoma da makiyaya kan burtali a yau, sai mu tuna wannan ƙaura ta daɗe da somawa.

Akwai kuma kufan masu haƙar ma'adini. Yamma da Agadas, a Azelik, ana ganin kashin maƙera da fasassun tukwanen narka jan ƙarfe warwatse a fili. Masana da yawa sun yarda nan ne Takedda, inda matafiyi Ibn Battuta ya sauka a 1353. Ya ba da labari cewa ana zuba jan ƙarfen sanda-sanda, sirara a sayi nama da itace, masu kauri a sayi gero da alkama da bayi, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Garin ya mutu, amma maƙwabcinsa Tegidda-n-Tesemt yana nan yana yin gishirin dabbobi, kuma kowace shekara a ƙarshen damuna Buzaye da Bororo na kai garkunansu lasar gishiri a In Gall.

Kufan zamani ya fi waɗannan ban tsoro. A Akouta, kusa da Arlit, kamfanin COMINAK ya haƙi yuraniyom daga 1978 har aka rufe ramin ranar 31 ga Maris, 2021. Ya bar tulin dusar dutse wajen tan miliyan 20 mai fitar da tururin guba, wanda sai an binne shi da kyau. Kashin maƙeran Azelik bai taɓa cutar kowa ba, wannan kuwa zai daɗe yana barazana ga rijiyoyin mutanen wurin.

Kada mu ɗauka labarin na nesa ne. Ruwan saman da ke sauka a gonakinmu na Gwarzo da Kabo, wani sashinsa yana gangarawa Kogin Challawa, daga nan Kogin Haɗejiya, sai Kogin Yobe, har Tafkin Chadi. A 1963 tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 sai ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan, ko da yake daga baya ya ɗan farfaɗo. Babban dalili ƙarancin ruwan sama ne, amma madatsun ruwa ma suna da nasu hannu a rafinmu. An gama Tiga a 1974, ta Challawa kusa da Ƙaraye a 1992, kuma tun daga nan fadamun Haɗejiya da Nguru suka ragu ƙwarai, masunta da makiyaya da masu shinkafa na can suka shiga wahala. Mu da ke sama muna noman rani muna murna, su da ke ƙasa suna ƙirga asara. Yashin da ruwa ke kwasowa daga gonakin da muka sare wa itatuwa kuma, cikin madatsun nan yake zuwa ya kwanta, kowace damuna zurfinsu na raguwa.