Talabijin ɗaya, gida ɗaya: abin da na gani a gidan wani Kirista a Ajilari

Kwanakin baya mahaifina ya tura ni Maiduguri in tsaya a kan lodin shanu, sai mota ta yi jinkiri na kwana tara a garin. Masaukina yana Ajilari, can wajen Gomari ta hanyar filin jirgi. Maƙwabcin mai masaukina wani dattijo ne Kirista, ɗan ƙabilar Margi, ɗan cocin EYN, tsohon malamin firamare. Tun ranar farko ya ce, "Yarona, in ka yi isha'i ka shigo mu yi kallo." Na shiga, kuma abin da na gani ya sa na ce sai na rubuta muku.

Su takwas ne a gidan, har da jikoki biyu. Da an gama cin tuwo sai a shimfiɗa tabarma gaban talabijin ɗaya, kowa ya ajiye wayarsa a cikin wani kwano. Na tambayi Baba dalili, ya ce ai ba dabararsa ba ce, wuya ce ta koya musu.

Na farko, tsaro. Ranar 1 ga Maris 2014 bama-bamai biyu suka tashi a unguwar, mutane da yawa suka rasu. Kafin nan 'ya'yansa maza gidan kallon ƙwallo suke zuwa. Daga ranar ya ce an daina, ya ci bashi ya sayi talabijin da dish, don ya riƙa ƙirga 'ya'yansa da ido kafin a rufe ƙofa.

Na biyu, wuta. A Janairun 2021 aka fasa turakun lantarkin da ke kawo wuta daga Damaturu, Maiduguri ta yi wata da watanni cikin duhu. Ɗan ƙaramin janareto gare su, man awa biyu kawai suke iya saya. To awa biyu ba ta isa kowa ya kalli son ransa, dole a haɗu a kan abu ɗaya. Ko da aka buɗe tashar wuta mai amfani da gas a 2023, sun riga sun saba.

Ga yadda suke yi. Rimot a hannun Mama yake. Ana zaɓen shirin tare, kuma ana musu sosai, don 'yar autar fassarar Indiya take so, yayanta kuma ƙwallo. Inda suka fi haɗuwa shi ne shirye-shiryen Arewa24, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina. Idan aka nuno abin da bai dace ba, Baba ba ya sa a kashe, sai an gama ya tambayi yaran, "Wannan da ya yi, daidai ne? Da kai ne fa?" Su yi kamar minti goma suna magana, sannan su yi addu'arsu su kwanta. Ni a nan nake yi musu sai da safe.

Mama ta ce mini abin da ya ja ta ga Daɗin Kowa shi ne Stephanie. Ta ce ta daɗe tana kallon finafinan Hausa, kuma Hausar suke yi a gida da coci, amma da wuya ka ga Kirista a ciki yana zaune cikin unguwa kamar kowa. Baba kuma ya ce ta kallon nan jikokinsa suka fahimci mene ne idda da takaba, suka daina yi wa maƙwabta tambayar da za ta ɓata rai. Sai dai ba kullum ake jin daɗi ba. Da an nuno harbe-harbe ko 'yan gudun hijira, Mama tashi take yi ta shige ɗaki, don ƙauyensu an ƙona shi. Ba mai ce mata komai, a rage murya kawai.

Me ya shafe mu? Mu da ke kudu mun fi su samun kayan kallo, amma duba ɗakinmu da dare: mutum shida, waya shida, kowa da TikTok ɗinsa, uba bai san me ɗansa ke gani ba. Ƙanena ɗan shekara goma Yarbancinsa ya fi Hausarsa, in ka yi masa karin magana sai ya tsaya yana kallonka.

Da na dawo na gwada a gidanmu. Gaskiya ba kullum ake samu ba, mahaifina yakan dawo daga kara a gajiye, kuma ƙannena sun yi ta ƙunƙuni a kan ajiye waya. Amma sau biyu a mako muna zama. Shekaranjiya yaron nan ya tambayi Inna ma'anar wata kalma da Kamaye ya faɗa, ta yi dariya, ta kwashe rabin awa tana ba mu labarin garinsu. Wallahi ni kaina ban taɓa jin labarin ba.

Wanda ke da iyali ya gwada, ko dare ɗaya ne a mako. Allah Ya zaunar da Borno lafiya, Ya shirya mana zuri'a.