Gasar Ƙera Ƙwaƙwalwar Kwamfuta: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Maiduguri Su Lura Da Shi

MAIDUGURI — A farkon kowace shekara manyan kamfanonin ƙera kayayyakin lantarki na duniya sukan hallara a birnin Las Begas na ƙasar Amurka domin baje kolin sababbin na'urorinsu, kuma daga nan ne masu nazarin kasuwa kan fara hasashen irin ƙwaƙwalwar da za a sanya wa kwamfutocin tafi-da-gidanka na ofisoshi masu fitowa. Mai shagon buga takardu a unguwar Abbaganaram, ko mai sayar da kwamfuta a Kasuwar Jagwal, zai iya ɗauka cewa wannan magana ta yi masa nisa. Amma bisa ga yadda cinikin yake tafiya, abin da aka baje a can bana shi ne zai sauka a kan kantarsa nan da shekara uku ko huɗu.

Dalili kuwa shi ne, akasarin kwamfutocin da ake saye da sayarwa a Maiduguri na hannu ne, waɗanda aka fi sani da tokumbo. Bankuna da ma'aikatu da kamfanoni a Turai da Amurka sukan sayi kwamfutocin ofis irin su HP EliteBook da Lenovo ThinkPad da Dell Latitude da yawa a lokaci guda, su yi aiki da su na tsawon shekara uku zuwa biyar, sa'an nan su sallame su. Daga nan dillalai su kwaso su zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, wasu su biyo ta titin Beirut a Kano, kafin su iso Maiduguri. Saboda haka zaɓin da wani babban banki a London ya yi a yau, shi ne zai zama hajar ɗan kasuwar Borno gobe.

Mene Ne Furosesa?

Furosesa wani ɗan ƙaramin ɓallin silikon ne da bai fi girman tambarin wasiƙa ba, wanda ke gudanar da dukkan lissafi da umarnin da aka ba kwamfuta. Shi ne ke tantance saurin na'urar, da yawan wutar da za ta sha, da zafin da za ta ɗauka, da kuma irin manhajojin da za su yi aiki a kanta. A kwamfutocin tafi-da-gidanka na wannan zamani, manne shi ake yi a jikin allon na'urar, ba a cire shi a musanya. Wanda ya sayi kwamfuta, ya sayi furosesarta ke nan har ƙarshen rayuwarta.

Shekaru da dama kamfanin Intel na Amurka ne ke riƙe da wannan kasuwa, kamfanin AMD yana biye da shi. Su biyun suna amfani da tsarin ƙira iri ɗaya da ake kira x86, wanda a kansa aka gina manhajar Windows da galibin manhajojin ofis. Al'amarin ya fara sauyawa ne a watan Nuwamba na shekarar 2020, lokacin da kamfanin Apple ya fitar da furosesarsa ta kansa mai suna M1, wadda aka gina a kan tsarin Arm, irin wanda ake amfani da shi a wayoyin hannu. Ta nuna cewa kwamfuta za ta iya yin aiki mai nauyi wuni guda ba tare da an nemi caji ba, lamarin da ya tilasta wa sauran kamfanonin sake lale.

Masu Gasar Guda Huɗu

Na farko shi ne Intel. A ƙarshen shekarar 2023 kamfanin ya fito da sabon jeri mai suna Core Ultra, inda ya jingine harafin nan na "i" da aka saba gani a i5 da i7. A watan Satumba na 2024 ya fitar da zubi na biyu, wanda ya yi fice wajen tsimin batir, sai dai kamfanin TSMC na tsibirin Taiwan ne ya ƙera masa mafi yawan sassan. A watan Janairu na 2026 kuma ya gabatar da zubi na uku, wanda aka ƙera bisa sabuwar fasaharsa mai suna 18A. Nasarar wannan zubi tana da muhimmanci ƙwarai ga kamfanin, domin ya sha fama da asara, har ta kai ga gwamnatin Amurka ta karɓi kimanin kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa a watan Agusta na 2025. Wata guda bayan haka kamfanin Nvidia ya ba da sanarwar zuba masa jarin dala miliyan dubu 5, tare da yarjejeniyar ƙera wasu furosesoshi na haɗin guiwa.

Na biyu shi ne AMD, wanda jerinsa na Ryzen ya samu karɓuwa saboda ƙarfin aiki da sauƙin farashi. A shekarar 2024 ya fitar da Ryzen AI 300, tare da nau'in PRO da aka tanada domin ofisoshi. Babbar alamar ci gabansa ita ce, a watan Janairu na 2025 kamfanin Dell, wanda ya daɗe yana dogaro da Intel a kwamfutocinsa na ofis, ya amince ya fara sanya Ryzen a cikinsu. A wannan lokaci ne kuma Dell ya sauya sunan Latitude zuwa Dell Pro.

Na uku shi ne Qualcomm, wanda aka fi sani da ƙera ƙwaƙwalwar wayoyin hannu. Kwamfutocin farko masu ɗauke da furosesarsa ta Snapdragon X sun shiga kasuwa a watan Yuni na 2024, kuma a Satumbar 2025 ya sanar da zubi na biyu. Suna aiki da Windows, amma a kan tsarin Arm. Na huɗu kuwa shi ne Apple, wanda ya kai ga M5 a watan Oktoba na 2025, kuma ba ya sayar wa kowa furosesarsa.

Akwai abu ɗaya da ya haɗa su duka: kowace sabuwar furosesa tana zuwa da wani sashe na musamman domin ayyukan ƙirƙirarriyar basira. A watan Mayu na 2024 kamfanin Microsoft ya gindaya sharaɗin cewa duk kwamfutar da za ta ɗauki lambarsa ta Copilot+ dole ne wannan sashe ya iya gudanar da lissafi tiriliyan 40 a daƙiƙa ɗaya, ta kuma kasance da ram mai girman gigabait 16 aƙalla.

Hasashen Da Za A Iya Yi

Bisa ga dukkan alamu, Intel ne zai ci gaba da riƙe kaso mafi tsoka na kwamfutocin ofis a 'yan shekarun nan, domin manyan ma'aikatu ba sa gaggawar sauya abin da ma'aikatansu suka saba da shi, kuma sun riga sun gina tsarin kula da na'urorinsu a kan fasaharsa ta vPro. AMD zai ci gaba da gutsurar kasuwar, tun da yanzu HP da Lenovo da Dell duk suna sayar da nau'insa. Qualcomm zai fi samun shiga ne a wurin ma'aikatan da ke yawan tafiye-tafiye, yayin da Apple zai riƙe masu aikin zane da haɗa fina-finai da rubuta manhaja. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, kwalin tokumbon da za a buɗe nan da 'yan shekaru zai zo da kaya gauraye, ba kamar da ba da kusan kowace na'ura ke ɗauke da tambarin Intel.

Darasin Windows 10

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Lokacin da Microsoft ya fitar da Windows 11 a watan Oktoba na 2021, ya bayyana cewa ba zai amince da furosesar Intel da ta gaza zubi na 8 ba, wato abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshan, haka kuma ta AMD da ta gaza Ryzen 2000. Mutane da yawa ba su mai da hankali ba, suka ci gaba da shigo da na zubi na 6 da na 7 saboda araharsu. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin ya daina bai wa Windows 10 kariyar tsaro ta yau da kullum, sai wani ƙarin wa'adi da ya tanadar wa masu amfani na gida zuwa Oktoban 2026. Na'urorin suna nan suna aiki, amma mai hulɗa da banki ko mai ajiye bayanan abokan ciniki yana cikin haɗari in ya ci gaba da dogaro da su, kuma darajarsu a kasuwa ba za ta koma yadda take ba.

Gane zubin ba shi da wuya. A tsohon tsarin suna, lamba ɗaya ko biyu na farko bayan alamar i5 ko i7 ne ke nuna shi: i5-7300U ta zubi na 7 ce, i5-8350U kuwa ta zubi na 8. Ta farkon tana da cibiyoyin aiki biyu, ta biyun tana da huɗu. Hasali ma i5 ta zubi na 8 ta fi i7 ta zubi na 6 sauri a irin waɗannan ƙananan kwamfutoci, duk da cewa har yanzu akwai masu saye da ke biyan kuɗi mai yawa saboda ganin lamba 7 kawai. Irin wannan ƙaddara tana jiran kwamfutocin Apple masu furosesar Intel, domin kamfanin ya sanar a shekarar 2025 cewa manhajarsa ta macOS 26 ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kansu.

Ma'aunin Maiduguri

Abin da ya dace da ofis mai sanyi a Turai ba lallai ne ya dace da shago a Abbaganaram ba. Abu na farko shi ne wuta. Tun daga watan Janairu na 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka lalata turakun layin da ke kawo lantarki daga Damaturu, birnin ya shafe tsawon lokaci a cikin duhu, daga baya kuma aka buɗe tashar iskar gas mai ƙarfin megawat 50 a watan Maris na 2023. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara tsadar tayar da janareta. Don haka furosesar da ke tsimin batir, wadda ƙaramin faifan sola zai iya ciyar da ita, riba ce kai tsaye ga mai shago. Haka kuma a garin da zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka, na'urar da ba ta ɗaukar zafi ta fi tsawon rai. A wannan fanni sababbin furosesoshin duka sun fi na da.

Abu na biyu shi ne gyara, kuma a nan ne matsalar take. Ribar mai sayar da tokumbo ta daɗe tana fitowa daga ƙara ram da sauya ma'ajiyar bayanai kafin ya sayar. A kwamfutocin Apple na jerin M ba a iya ƙara ram ko kaɗan. A nau'in Core Ultra 200V na Intel ma an haɗe ram ɗin da furosesar, ko gigabait 16 ko 32, ba ƙari. Siraran kwamfutoci da dama na sauran kamfanoni su ma manne nasu ake yi. Wanda ya sayi mai ƙaramin ram, haka zai sayar da ita. Bugu da ƙari, tun daga ƙarshen shekarar 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan masu ƙera shi, wato Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga biyan bukatun cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira.

Abu na uku shi ne dacewa da kayan aiki. Kwamfutar Snapdragon tana iya gudanar da yawancin manhajojin Windows ta hanyar fassara su, amma tsofaffin injinan buga takardu da na'urorin ɗaukar hoton yatsa suna bukatar manhajar haɗi da aka rubuta musamman domin tsarin Arm, kuma ba kowane kamfani ne ya tanade ta ba. Mai shagon da ke yi wa ɗalibai cike takardun jarrabawa ko yi wa 'yan kasuwa rajistar kamfani ta intanet ya wajaba ya gwada na'urar da kayan aikinsa kafin ya biya. Na huɗu shi ne kulle: kwamfutocin da suka fito daga ma'aikatu sukan zo da kalmar sirri ko rajistar tsohon mai su, kuma sababbin tsare-tsaren tsaro sun sa buɗe su ya ƙara wuya, musamman na Apple.

Shawara Ga Masu Jari

Jarin 'yan kasuwar Maiduguri ya sha jijjiga a 'yan shekarun nan, daga gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairu na 2023 zuwa ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024. Darajar Naira kuma ta faɗi daga kimanin 460 a kan kowace dala a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a cikin 2024, abin da ya ninka kuɗin kowane kwalin da aka shigo da shi. A irin wannan hali, kuskuren saye ɗaya yana iya cinye ribar shekara.

Saboda haka ya kamata mai shigo da kaya ya daina karɓar duk abin da ya gaza zubi na 8, ya kuma hanzarta sallamar wanda ke hannunsa. Ya riƙa tambayar cikakkiyar lambar furosesa maimakon sunan kwamfutar kawai, domin samfuri ɗaya kan zo da zubi daban-daban. Ya tabbatar ko ram ɗin na cirewa ne ko na manne, in kuwa na manne ne kada ya gaza gigabait 16. Masu gyara su ma lokaci ya yi da za su koyi aikin allon AMD da na Arm tun kafin kayan su cika kasuwa. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji da ke sayen sababbi kuwa, sai su auna na'urar da manhajojin da suke aiki da su a zahiri, su kuma nemi takardar garanti daga dillalin da kamfanin ya amince da shi.