Sunan Da Mai Karɓar Haraji Ya Raɗa: Abin Da Sifaniya Ta Bari A Filifin

A garin Oas na lardin Albay, a ƙasar Filifin, baƙo zai lura cewa sunayen iyalai da yawa da harafin "R" suke farawa. Ba dangi ɗaya ba ne. Aikin masu karɓar haraji ne.

Mutanen da suka shiga Kiristanci sun yi ta ɗaukar sunaye irin su de la Cruz da de los Santos, har jami'ai suka kasa bambanta wanda ya biya haraji da wanda bai biya ba. Shi ya sa a ranar 21 ga Nuwamba, 1849, Gwamnan mulkin mallakar Sifaniya, Narciso Clavería, ya ba da doka kowane gida ya ɗauki suna daga wani kundi da aka jera bisa haruffa, aka rarraba shafukansa gari-gari. Sunan da aka raɗa don kuɗin kai, shi jikoki ke alfahari da shi yau.

Mulkin Sifaniya ya soma a 1565, lokacin da jagoran Sifaniyawa, Legazpi, ya kafa sansani a Cebu. A 1571 ya ƙwace Manila daga hannun Rajah Sulayman, sarki Musulmi. Ita kanta ƙasar sunan Sarki Filib na II na Sifaniya aka sa mata. Sifaniyawa ba su da yawa a tsibiran, sai limaman coci suka zama hukuma a karkara: aka tattaro mutanen ƙauyuka su zauna inda za su ji ƙararrawar coci, ƙungiyoyin limamai kuma suka mallaki manyan gonaki, manoma suka koma 'yan haya a ƙasar kakanninsu. Wannan rigimar filaye har yau ba ta mutu ba.

A 1898 Sifaniya ta miƙa ƙasar ga Amurka kan dala miliyan 20. Turanci ya ture Sifaniyanci, amma tebur har gobe "mesa" ne a bakin mai jin harshen Tagalog, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a 'yan Katolika ne.

Musulmin Sulu da Mindanao, da suka yi shekaru fiye da 300 suna turjiya, Sifaniyawa sun kira su "Moro", sunan da suke kiran Musulmin Andalus da shi. Laƙabin raini ne. A 2019 jikokinsu suka sami sabon yanki mai ƙwarya-ƙwaryar 'yancin kai, kuma sunan da suka zaɓar masa shi ne Bangsamoro, wato al'ummar Moro.